Idon Injin Malam Labo

A Tudun Aya, wani ƙauye da ke kusa da Gazawa, in ka tambayi gidan Malam Labo sai an ce maka wane Labon, don su uku ne. Amma in ka ce Labo Kore, ko jakin garin zai iya kai ka ƙofar gidan. Shi ne mai kula da injin famfo, babban inji mai shan gazuwal, wato man dizal, wanda ke ba da wutar da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa shato, ƙaton tankin nan da ke tsaye a kan ƙafafun ƙarfe a bakin gari. Gonarsa ba ta kai a yi zancenta ba, bai je Makka ba, ba ya cikin masu faɗa a ji a gidan maigari. Abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan suna, kuma hannu biyu ya riƙe shi.

Asalin sunan yana komawa ne ga ranar da 'yan furoje, ma'aikatan shirin samar da ruwa, suka kafa injin, shekara uku da 'yan watanni da suka wuce. Guda biyu suka kafa iri ɗaya, ɗaya a Tudun Aya, ɗaya a Gidan Kalgo, tafiyar rabin awa a babur. Na Gidan Kalgo aka danƙa wa Hambali, taubashin Labo, wanda uwarsa ƙanwar uban Labo ce. Tun suna yara Hambali ke kiransa ubangidana, kuma bai taɓa faɗin kalmar ba sai da wata tsokana a bayanta.

Bakaniken da ya zo daga Maradi, wani dogon mutum mai suna Zaharaddini, ya zaunar da su biyun ya yi musu bayani. Ya nuna musu filta, takarda mai kauri mai ninki-ninki da aka naɗe cikin ragar ƙarfe, girmanta kamar ƙaramar ganga. Ta cikinta iska ke bi kafin ta shiga inji, ita ke tare ƙura. Sai ya nuna musu wani ɗan gilashi a jikin bututun iska, bai fi kwalbar turare ba, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna ido. Muddin iska na wucewa lafiya, ido kore ne. In filta ta cika da ƙura har inji na jan numfashi da ƙyar, sai wani jan zobe ya sauko ya tsaya. A ranar ne ake cire ta a jefar, a sa sabuwa, a danna maɓallin da ke ƙasan gilashin. In kuwa ido bai yi ja ba, kada a buɗe, kada a kaɗe, kada a hura. Sau uku ya maimaita wannan, sannan ya bar wa kowannensu kwali mai sababbin filta huɗu.

Labo ya ji duka, babu kalmar da ta wuce shi. Sai dai a ransa ya yanke cewa an tsara wannan doka ne saboda malalata irin su Hambali. Shi mutum ne da ke share ƙofar gidansa sau biyu a yini, wanda ko cikin damina ba a taɓa ganin taɓo a gefen wandonsa ba. Yaya za a ce masa ya zauna ya naɗe hannu sai datti ya kai wa abu wuya?

Duk da haka ya daure ya bi dokar har lokacin haƙar aya. A wannan lokacin mata ke cika gonakin da ke kewaye da ɗakin inji suna tankaɗe ƙasa don fitar da aya, ƙura ta tashi tun hantsi har la'asar. Wata safiya ido ya yi ja. Rashin sa'a, ranar Hambali ya shigo garin gaisuwar mutuwa, ya biyo ta ɗakin inji tare da Hajiya Lantana, shugabar kwamitin ruwa, da wasu dattawa biyu. Ya leƙa gilashin ya kama haɓa, ya tambayi Labo ko dukan injin yake yi da ya sa ya yi kuka har idonsa ya kaɗa. Dattawan suka yi dariya, Hajiya ma ta rufe baki da mayafi. Labo ya yi murmushi don dole, amma maganar ta zauna masa a ƙirji, ranar ko tuwo bai ci da daɗi ba.

Bai buɗe kwalin ba. A ganinsa sabon abu ajiya ake yi masa sai ranar da ta ɓaci. Ya ciro filta ya je gindin gawon da ke bayan ɗakin ya yi ta buga ta a jikin icen har ƙura ta rufe masa gira. Jajibirin kasuwar Gazawa ya cika shato tun da yamma, da safe ya ɗaure filta a bayan babur ya kai wa mai facin taya na bakin tasha, aka sa mata injin iska ciki da waje har takardar ta yi fari. Lungun da datti ya ƙi fita ya bi shi da tsinken tsintsiya. Da ya mayar ya danna maɓalli, ido ya koma kore shar.

Daga nan abin ya zama masa ibada. Kowace ranar kasuwa sai filta ta je Gazawa, har mai facin ya daina tambaya, da ya hango babur sai ya jawo tiyo. Cikin 'yan watannin farko ido ya sake yin ja sau ɗaya. Bayan wannan bai ƙara ba, ko da wasa. Lokacin aya ya zo ya wuce, sussukar hatsi ta zo ta wuce, ido na nan kore. Daga nan ne aka fara ce masa Labo Kore.

Duk baƙon da ya zo garin sai Hajiya Lantana ta kai shi ɗakin inji. Ta nuna masa daɓen da ke sheƙi, ta nuna masa ido, sannan ta nuna kwalin da ke kan kanta, har yanzu da liƙinsa na kamfani. Labo yakan tsaya daga gefe da tsumma a kafaɗa yana kallon ƙasa, wai shi ba ya son yabo.

A Gidan Kalgo kuwa labarin daban ne. Hambali yakan tayar da inji, ya duba mai da ruwa, ya kalli ido, ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa. In ido ya yi ja sai ya tashi yana hamma ya canza filta, ya wurgar da tsohuwar bayan ɗaki, inda kajin garin suka mayar da su wurin yin ƙwai. Mutanensa sun sha yi masa gori da taubashinsa. Shi dai amsarsa ɗaya ce, abin da mutumin Maradi ya ce shi yake yi.

A shekara ta uku injin Labo ya fara shan baƙin mai fiye da da. Galan ɗin da ke kai shi wata biyu ya koma wata ɗaya, hayaƙin da ke fita ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi. Labo ya bayyana wa kwamiti cewa inji mai aiki kamar manomi ne, in ya yi ƙarfi cinsa ke ƙaruwa, kuma ga ido nan kowa na gani. Suka kalli ido suka gamsu.

Mutum ɗaya ce ba ta gamsu ba, ita kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin inji ba. Wata rana yana ba matarsa Zulai labarin yadda filtarsa ta daina toshewa, ita kuma tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ni dai Malam, ran da rariyata ta bar toshewa, ran nan na iske tsaki cikin tuwo."

Ya ce mata inji ba turmi ba ne, ya sa takalminsa ya fita.

Bazarar bana ta zo da zafin da ya ƙafar da rijiyoyin gargajiya tun da wuri, makiyaya suka matso da dabbobinsu kusa da famfunan biyu. Ana cikin haka idon injin Hambali ya yi ja, kwalinsa kuwa babu komai sai gizo-gizo. Kwamitin Gidan Kalgo suka aiko a ara musu filta ɗaya kafin a sayo daga Maradi. Hajiya Lantana ta kira Labo ta tambaye shi. Labo ya ce ara ba zai raba su da matsalarsu ba, abin da suke buƙata shi ne a koya musu aiki. Ya ce a bar masa.

Ranar kasuwa filta biyu suka tafi Gazawa a bayan babur. Ta Hambali ta sha gata na musamman, don Labo ya daɗe yana jiran wannan rana. Sau biyu aka hura ta, ya zauna a benci ya bi ninkinta ɗaya bayan ɗaya da tsinke, har mai facin ya ce ko amarya ba a yi mata wannan wanka. Da ya mayar da ita a Gidan Kalgo rabin garin na tsaye. Hambali ya soma cewa mutumin Maradi fa ya hana, aka yi masa ca, wani tsoho ya ce masa ya yi shiru ya koyi abu ko sau ɗaya a rayuwarsa. Aka tayar da inji, Labo ya danna maɓalli, ido ya yi kore. A nan take kwamitinsu suka yanke cewa daga yau kowace ranar kasuwa Hambali zai riƙa kai filta wurin mai faci. Aka ɗaura wa Labo zabi biyu a bayan babur, wani baƙo daga wajen Agye kuma ya karɓi lambar wayarsa, ya ce su ma suna da inji.

Kwana uku bayan haka injin Labo ya ƙi tashi da safe. Da ya tashi da ƙyar ya yi tari, ya cika ɗakin da hayaƙi, ya yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya mutu. Labo ya dubi ido. Kore ne, lafiya lau. Kafin azahar shato ya ƙafe, amalanken Tudun Aya suka kama hanyar Gidan Kalgo da durum-durum.

Washegari Zaharaddini ya iso. Ya sallami 'yan kallo ya ce aikin na buƙatar sarari, suka rage shi da Labo. Ya yaba tsabtar ɗakin, da gaske kuma yake. Sannan ya cire filta ya zura hannu cikin bututun da ke bayanta, inda ko ƙwayar ƙura bai kamata ta kai ba. Yatsunsa suka fito ja-ja. Ya murza su a kusa da kunnen Labo, aka ji ƙasa tana ƙas-ƙas. Ya dubi filtar da ta yi fari fat, ya dubi kwalin da ba a buɗe ba, ya tambayi Labo ko wannan ita ce wadda ya sa da hannunsa ranar farko. Labo ya ce ita ce, har da ɗan alfahari.

Zaharaddini ya tura ƙofar ɗakin ya rufe taga, wurin ya yi duhu. Ya kunna fitilar wayarsa ya sa ta cikin filta. Haske ya tsiyayo ta ko'ina, ɗigo-ɗigo a bango, a rufi, a gaban rigar Labo. A gindin wani ninki ma tsaga ce doguwa da yatsa zai iya shiga.

A hankali ya yi masa bayani. Ido ba ya ganin ƙura, wahalar da inji ke sha wajen jan iska kaɗai yake aunawa. Filtar da ta huje ba ta wahalar da inji, saboda haka ido ba shi da abin faɗa. Shekara biyu ko fiye injin na shaƙar rairayin Tudun Aya kai tsaye, rairayin kuma ya cinye cikinsa kamar yadda ake goge tukunya da yashi. Gyaran sai an sauke shi gaba ɗaya, sai an jira kaya.

Labo ya zauna a kan galan. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum jin sanyi cikin bazara. Zaharaddini ya ga halin da yake ciki, shi kuma ba mai son tozarta babba ba ne.

"Malam Labo, ni da kai ne cikin ɗakin ga," ya ce. "Zan hwaɗa ma kwamiti ƙura ta kashe inji, kuma ban yi ƙarya ba. Sauran ya tsaya nan."

Ya miƙa masa filtar ya ce ya ƙone ta, ya fita wanke hannu.

Labo ya ji daɗin maganar, ba zai ɓoye wa kansa ba. Sunansa na nan ke nan, inji ne kawai ya mutu, inji kuwa ko na gwamna yana mutuwa. Ya kai filtar bayan ɗaki zai cinna mata wuta, sai idonsa ya faɗa kan gindin gawo, inda ɓawon icen ya ɗaye saboda duka. Nan ya tuna ɗayar, ta Hambali. Sau biyu aka hura ta. Shi da hannunsa ya bi ta da tsinke. Kuma tun jiya injin Hambali ke aiki daga asuba har magariba ba hutu, a gefen burtalin da shanu ke tayar da ƙasa, gari biyu da makiyaya suna sha daga gare shi.

Ya nemi hanyar da zai bi. Zai iya kai musu sabuwa ɗaya ya ce kyauta ce, ya canza ta ba tare da dogon bayani ba. Amma ranar kasuwa saura kwana uku, kuma kwamiti sun riga sun yanke hukunci, Hambali zai ɗaure sabuwar a babur ya kai wa mai faci, bisa koyarwar Labo Kore. Ga mutumin Agye da lambar waya a aljihu. Ya juya abin ta kowane gefe, ya ga babu yadda za a yi injin ya tsira sunan ma ya tsira. Ya daɗe a tsaye da ashana a hannu, sannan ya mayar da ita aljihu.

Ya sauko da kwalin daga kanta ya ɗaure a bayan babur, tsohuwar filta a kai. Ya biya ta gida ya ɗauki tocila. Zulai ta dubi kwalin ta dube shi, ta miƙo masa ruwa a moɗa.

Rana tsaka ya isa Gidan Kalgo. Layin amalanke ya kai har bakin masallaci, rabinsu mutanen garinsu ne, shanu kuma sun kewaye kwamin shan ruwa. Da aka gan shi aka fara yi masa jaje da godiya a haɗe, ana cewa da ba don gyaran da ya yi musu ba da yanzu gari biyu na cikin ƙishi. Wata tsohuwa ta sa masa albarka har da hawaye. Ya ratsa su ya shiga ɗakin, ya ce wa Hambali ya kashe inji.

Da ƙarar ta ɗauke, famfo ya tsaya, mutane suka taso suna tambayar lafiya. Labo ya sa aka ciro filta, ya ce shugaban kwamiti da dattawa su shigo, wanda bai samu wuri ba ya tsaya bakin ƙofa. Ya rufe taga ya sa tocila ciki. Ɗigon hasken bai kai na tasa yawa ba, amma yana nan, kowa ya gani. Sannan ya fito fili inda 'yan layi za su ji.

"Ni na huda ta. Tawa ma ni na huda, shi ya kashe injinmu. Koren da kuke gani shekara ukun nan ba lahiya ba ce. Abin da Hambali ke yi shi ne daidai, kada wanda ya sake kai filta wurin mai faci."

Wani daga cikin mutanen Tudun Aya, wanda ya yi tafiyar awa biyu da jaki don durum ɗaya, ya faɗi wata magana da ba ta maimaituwa. Tsohon da ya ce Hambali ya koyi abu ya shiga gyaran rawaninsa. Labo ya tsaya yana jiran Hambali, don ya san shekara arba'in taubashin nasa bai taɓa samun dama irin wannan ba.

Hambali ya tsuguna ya yanke liƙin kwalin da wuƙa. Ya goge cikin bututun da tsumma mai tsabta, ya duba ɗan jan da ya fito, ya ce kwana huɗu ne, da sauƙi. Ya zaro sabuwar filta.

"Ubangidana, riƙe mani murhin nan," ya ce, bai ƙara komai a kai ba.

Da ya yi tsokanar da Labo ya fi samun sauƙi.

Kwamitin Tudun Aya ba su kore shi ba, don babu injin da za a kore shi daga kai. Hajiya Lantana dai ta daina bi ta wannan hanyar. Sunan kuwa ya ƙi barinsa, har yau Labo Kore ake ce masa, sai dai yanzu wanda ya faɗa yakan kau da kai. Kayan gyara kuwa kullum sai a ce gobe za su iso. Kullum da safe Labo kan ara jakin maƙwabci ya ɗora durum ya bi layi a Gidan Kalgo kamar kowa, in ya zo daidai tagar ɗakin inji sai ya leƙa. Kore. Gabansa ya faɗi. Ya san sabuwa ce, shi ya riƙe murfin da aka sa ta, amma ya riga ya san abin da kore ke iya ɓoyewa, kuma babu mai iya cire masa wannan daga rai.

Sati bakwai ana haka. Ran nan da hantsi, bayan wata iskar hadari da ta kwashi ƙasa ba ta zubar da ruwa ba, ya leƙa ta taga ya ga jan zobe ya sauko ya tsaya daram. Ya saki igiyar jakin. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har ƙafa, ya yi hamdala a fili, har na bayansa a layi suka ɗauka albishir aka yi masa a waya.

Hambali ya tashi daga tabarma yana hamma, ya canza filta, ya fito da tsohuwar ya ajiye a gaban Labo kafin ya wanke hannu. Ta yi nauyi, ta yi jawur, ninkinta duk ya cike. Hannun Labo ya kai kanta da kansa, idonsa kuma ya soma neman gindin ice mafi kusa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauke ta a hankali, yadda ƙurar ba za ta zube ba, ya zagaya bayan ɗaki ya ajiye wa kaji.